Jan Gwangwanin Malam Rabe

Sunan maigidana Rabe, ko da yake a shekara talatin da ɗoriya da muka yi tare ban taɓa kiransa da shi ba, Malam nake cewa. Mai kemis ne a Nguru, a layin da ya gangaro daga tashar jirgin ƙasa ya nufi kasuwa. Kakansa daga Haɗeja ya zo da fataucin gyaɗa, ubansa ya koma sayar da kifi, shi kuwa Malam warin banda bai taɓa yi masa ba. Sai ya je ya yi shekara bakwai a tsaye a shagon wani ɗan kabilar Ibo mai suna Ebuka yana koyon sunayen ƙwayoyi. A 1990 ya fasa bangon zauren gidanmu ya sa ƙofa, ya kafa katako, ya zama mai shagon kansa. Bango ɗaya ne tsakanin shagon da madafina, kuma bangon ba ya riƙe magana. Rabin abin da zan faɗa da kunnena na ji shi, ina tuƙa tuwo.

A lokacin haɗi ake yi. Mutum zai zo ya faɗi inda ke masa ciwo, Malam ya buɗe robobi huɗu ko biyar, ya ɗauki fara a nan, ruwan hoda a can, ya ƙara kafson nan ja-da-yalo, ya ƙulle a takarda kashi uku, na safe da na rana da na dare. Babu suna, babu kwali. Mata kuwa ba su cika zuwa da kansu ba, mazansu ke zuwa. Namiji zai tsaya ya ce, "Iyali ce ba ta jin daɗi," kuma iyakar bayanin ke nan, sai ɗan abin da ya tuna. Malam ya yi suna a wannan aiki, ana cewa hannunsa yana da kyau. Ni ma na yi ta yanga da shi a gidajen biki, ba zan ɓoye ba.

Da daminar 1994 wata mata ta sauka daga motar Gashuwa ta zo shagon. Sista Doosuur ce, 'yar Binuwai, ungozoma a wani asibiti a Gashuwa. Gajeriya ce mai faɗi, kuma ba ta iya doguwar gaisuwa ba. Na ji ta ajiye wani abu a kan teburin.

"Oga Rabe, wannan ƙullin naka ne?"

"Irin ƙullina ne," in ji Malam.

"Matar da ta sha shi cikinta wata takwas. Sati uku mijinta yana saya mata. Shekaranjiya ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. Ita mun samu ta tashi. Yaron bai zo da rai ba."

Na tsayar da muciya. Malam ya ce, "Maganin ne ya yi?"

"Ban sani ba, kuma ba zan rantse ba. Amma a cikin ƙullin nan akwai asfirin, akwai ɗan'uwansa mai ƙarfi na ciwon jiki, har kala biyu. Ba a ba mai ciki waɗannan haka kawai, balle cikin da ya tsufa. Suna iya ƙara zubar jini, suna iya taɓa ƙodar yaro da zuciyarsa. Wannan ja-da-yalo kuma yana shiga ƙashin yaro da haƙoransa tun yana ciki."

"Mijinta bai gaya mini tana da ciki ba."

"Ka tambaye shi?"

Malam ya jawo mata benci. Ta zauna a bencin ta yi kusan awa guda tana yi masa bayani, shi kuma yana rubutawa a bayan kwali. Farasitamol ba laifi idan ba a wuce ƙa'ida ba. Ƙwayar ƙarin jini tana baƙanta bayan gida, tana sa shi tauri, amma ba ta sa yaro ya yi girman da zai ƙi fita, kamar yadda mata ke tsoro. Zazzaɓin sauro kuwa ba a zuba masa ido, a tura mace asibiti, domin shi kansa yana zubar da ciki. Ranar Malam bai ci tuwon da na tuƙa ba.

Washegari ya fara tambaya, kuma nan wahalarmu ta fara. Wanda ya fara cin karo da ita Modu ne, wani Babarbare mai sayar da gero, mutumin kirki da suka daɗe tare.

"Wushe, sannu Malam Rabe. A haɗa mini na ciwon baya, na mai ɗakina."

"Tana da juna biyu?"

"Kai Malam, me ya haɗa ka da wannan? Magani na zo saya, ba hira da matata na kawo maka ba."

Modu ma ya yi magana ke nan. Wani Bafulatani mai suna Hamajoɗa, wanda duk ranar kasuwa yake zuwa daga wajen Kumagannam, da aka yi masa tambayar sai ya gyara sandarsa a kafaɗa ya fita a hankali, kuma ba mu sake ganin ƙeyarsa ba. Ban ga laifinsu ba. A garin nan namiji ba ya buɗe baki ya ce matarsa tana da ciki, ko ga ɗan'uwansa, balle ga mai shago a gaban mutane.

Sai Malam ya yi dabara. Ya shigo madafi ya ɗauki gwangwanin tumatir ja da na madara fari, ya wanke su ya kife a kan teburin. Idan namiji ya zo sayen maganin mace, sai Malam ya kalli katakon robobi ya yi magana kamar da shi yake: "Idan da nauyi a jiki, a taɓa ja. Idan babu, a taɓa fari." Ba ya kallon fuskar mutum, hannu kawai yake kallo. Abin ya yi aiki fiye da yadda na zata. Maza suka riƙa taɓa jan gwangwanin da ɗan yatsa ɗaya, da sauri, kamar yana da zafi.

Sai dai wanda ya taɓa ja ba ya fita da farin ciki. Roba biyu Malam yake buɗe masa, farasitamol da ƙarin jini, sannan ya ce a kai ta awo. Mutum ya taso daga ƙauye a kan babur, a ba shi ƙwaya biyu da wa'azi. Da yawa sun fita sun nufi tasha, inda masu tallan magani a faranti suke haɗa wa kowa abin da yake so, rana tana dukan ƙwayoyin. Shaguna sababbi suka buɗe a layin, babu mai gwangwani a cikinsu. Kasuwar Malam ta riƙa ja baya a hankali, shekara bayan shekara, miyata ma ta bi ta. Na yi mita, na ce masa, "Malam, kai kaɗai aka ɗora wa matan Nguru?" Yakan ce, "To ya zan yi, Suwaibatu, na riga na ji." Ya gaji, ni ma na gaji, amma kullum da safe sai ya goge gwangwanayen nan ya kife su.

'Yarmu ta fari sunanta Munira. Na faɗi sunan ne don a gane wadda nake nufi, bakina bai saba da shi ba. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a nuna an damu da shi, haka muka taso muka gani. Ni nakan ce "yarinyar nan", Malam kuwa "ke" ne iyakarsa. Bai taɓa ɗaukar ta a gaban mutane ba. Amma na sha ganinsa ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ta tana tsallen igiya, idan na ɗago kai sai ya kama gyaran hula. A 1999 aka yi mata aure da Hashim, yaro mai hankali, mai sayar da barkono a Gashuwa. Shekara uku shiru, ko ɓatan wata. Dangin miji ba su ce komai ba, sai yawan tambayar lafiyarta, kuma kowa ya san abin da ake nufi.

A 2002 ƙanwata ta je Gashuwa ta dawo ta raɗa mini cewa an samu. Na yi sujada a ɗakina, na share hawaye, na fito na ci gaba da tankaɗe. Malam ban gaya masa ba. Uwa ba ta kai wa uba labarin cikin 'yar fari. Idan wata ya yi za a kawo ta gida goyon ciki, ya gani da idonsa, ya yi kamar bai gani ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi na ji sallamar Hashim a shago. Na ji ya cire takalmi, na san ya durƙusa.

"Baba, barka da kasuwa. An wuni lafiya?"

"Lafiya lau. Ya mutanen gidan?"

"To, su ne dai ba sa jin daɗi, Baba. Ciki na murɗawa, da gudawa, ga kuma ciwon baya."

Sai na ji ƙarar gwangwani a kan teburin. Daga baya Malam ya gaya mini cewa maganar nan da ya yi wa maza dubu, ranar harshensa ya ƙi ɗaukar ta. Da bayan hannu kawai ya turo gwangwanayen gaba, yana kallon katako. Hashim ya san ma'anarsu, duk wanda ya san shagon ya sani. Ya tsaya gumi yana keto masa a gaban surukinsa, ya miƙa hannu ya taɓa fari. Da na tambaye shi dalili bayan shekaru, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ta yaya zan taɓa ja a gaban Baba? Na ɗauka magani dai magani ne, tunda daga hannunsa ya fito."

Ni ina bayan bango, ba na ganin hannu. Na tabbata ja ya taɓa. Amma na ji ƙarar robobi da kwalaye, na ji an buɗe biyar, alhali mai jan gwangwani biyu ake buɗe masa. Na ji, na ci gaba da yanka kuɓewa. Wannan ya daɗe yana cina, har yau bai bari ba.

Malam kuwa bai yi mata haɗin takarda ba. Ya hau kujera ya sauko da masu kwali, masu tsada, waɗanda yake ajiyewa a sama. Ja-da-yalo don cikin, da mai ƙarfin nan don bayan, na sati biyu cur saboda Gashuwa da nisa. Uban da bai taɓa ce wa 'yarsa sannu ba, ya samu hanyar yi mata wani abu, sai ya cika leda.

Bayan kwana goma sha biyu, da safe yana shan koko, na ce masa, "Malam, a fara neman itace kafin ruwa ya yi ƙarfi."

"Itacen me? Ga shi can jibge."

"Na wanka nake nufi," na ce, ina kallon ƙasa. Wankan jego itace yake ci, kwana arba'in ana dafa ruwa.

Ya ajiye ludayin. "Na wa?"

Na ƙara sunkuyar da kai, ya gane yarinyar nan nake nufi.

"Wata nawa?"

"Shida. An shiga na bakwai."

Ya ce, "Fari ya taɓa." Ya sake cewa, "Suwaibatu, fari ya taɓa." Sai ya tashi ya rufe shagon da bai gama buɗewa ba. Na zari mayafi na bi shi. Hanyar Gashuwa a shekarun nan duk ramuka ce, ga ruwa ya kwanta a cikinsu. Tafiyar awa ɗaya muka yi a awa uku, a matse tsakanin buhunan gero.

Uba ba ya shiga gidan 'yarsa, iyakarsa zaure, a zo a gaishe shi. Malam ya yi sallama ɗaya ya wuce zauren kai tsaye. Matan gidan suka watse suna neman mayafai. Yarinyar tana zaune a tabarma tana cire hancin barkono, da ta gan shi sai ta jawo hijabi ta rufe jikinta, ta kasa tashi.

Ya ce, "Munira."

Shekara ashirin da biyu, ranar na fara jin sunan a bakinsa. Ita ma ranar ta fara ji.

"Kina da ciki?"

Ta dunƙule, ta sa fuska a gwiwa.

"Da baki nake so ki amsa mini."

"E, Baba."

"Kawo maganin da na aiko."

Ta shiga ɗaki ta fito da ledar. Na kwana biyu ya rage. Ta miƙa masa da hannu biyu, tana so ta faranta masa, ta ce, "Ina sha a kan lokaci, Baba, ko ɗaya ban tsallake ba. Na ce tunda kai ka aiko."

Malam ya karɓi ledar ya zauna a kan turmi. Ban taɓa jin tausayin mutum irin na ranar ba, kuma ina jin haushinsa, ina jin haushin Hashim, ina jin nawa ya fi.

Muka kai ta wurin Sista Doosuur, wadda lokacin furfura ta fara fito mata. Ta duba kwalayen ɗaya bayan ɗaya, ta ɗago ta kalle shi.

"Oga Rabe, kai?"

"Ni."

Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta kwantar da yarinyar, ta kafa ɗan mazurarinta a cikin ta saurara. Ta ce zuciya tana bugawa, yana motsi. Ta ce a daina shan komai sai abin da ta rubuta, a riƙa zuwa duk sati, kuma haihuwa a asibiti za a yi, ba a ɗakina ba. Malam ya tambaye ta ko an yi lahani. Ta ba shi amsar da ta ba shi shekara takwas da suka wuce, cewa ba ta sani ba, sai an gani.

Wata biyu da rabi muka yi muna jira. Malam ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ɗauke farin gwangwanin ya jefar, jan kuma ya ɗora shi can saman katako. Daga nan da baki yake tambaya, kowa da kowa, tsoho da yaro, a gaban ko wane ne. Wanda ya ji haushi ya tafi. Da yawa sun tafi.

Ta haifi mace, 'yar ƙarama amma da kukanta, jinin ma bai ba da tsoro ba. Aka sa mata Shuhada. Aka yi suna, aka ci rago, na yi mata wankan jegon da itacen da na nema. Kowa ya ce an wuce wurin, Malam kaɗai ne bai saki jiki ba. Yarinyar tana wata bakwai haƙori biyu suka ɓullo a ƙasa, rawaya. Sauran suka biyo su a haka, kuma da suka sha rana da iska sai suka koma launin bakin mai cin goro. Mutane suka ce ruwan Gashuwa ne. Malam yakan ce, "Ba ruwa ba ne, ni ne," sai a yi dariya, a ɗauka wasan kaka ne.

Jika ba a jin kunyarta, don haka duk ɗaukar da bai yi wa uwar ba a kan Shuhada ya sauke. Amarya yake ce mata, ita kuma ta ce masa tsohon miji mai shagon ɗaci. Uwar ma ta sauya. Da ta sake samun ciki a 2005, da ƙafarta ta zo ta tsaya a ƙofar shagon ta ce, "Baba, ina da ciki wata biyu, kuma kaina na ciwo. Me zan sha?" Ni a madafi sai da na rufe fuska da zane. Malam ya kalli katako ya ce, "Farasitamol biyu. Gobe ki je wurin Sista."

Shuhada tana shekara huɗu aka kawo ta Sallah. Malam ya yi mata wasan da ya saba, ya ce ya fasa auren tunda ba ta iya tuwo ba. Ta ƙyalƙyale da dariya, amma kafin dariyar ta fito sai da ta sa tafin hannu ta rufe baki. Yaran unguwarsu ne suke ce mata mai haƙorin goro. Malam ya gani. Ya sauke ta daga cinyarsa a hankali ya shiga shago, ranar Sallah, ya zauna ba tare da ya buɗe ƙofar waje ba.

Sista ta gaya masa cewa haƙoran nono, guda ashirin ɗin nan, su ne abin ya kama, idan ta yi famfara ana sa ran sababbin za su fito da haskensu. Tun daga nan duk wanda ya zo daga Gashuwa sai ya tambaye shi ko haƙorin amarya ya fara girgiza. Hawan jini ya kama shi, ƙafa ta fara kumbura, shagon ya koma rabin katako babu kaya. Yana zaune dai a ciki, yana tambayar ɗaiɗaikun mazan da suka rage tambayar da ba sa so.

A hutun makaranta na 2009 aka kawo ta Nguru. Wata rana bayan la'asar tana gatsar rake a tsakar gida sai haƙorin gaba na ƙasa ya fita. Ta ruga za ta jefa shi kan rufi kamar yadda yara ke yi, sai Malam ya kira ta ta ƙofar shago.

"Amarya, kawo shi nan, ni zan saya."

Ta kawo masa. Ya sa ta buɗe baki, ya kama haɓarta ya juya ta wajen haske. A bayan giɓin, kan sabon haƙori ya riga ya leƙo, ɗan tsinin nan fari tas kamar ƙwayar shinkafa. Ya daɗe yana kallo har ta gaji ta ce wuyanta ya ƙage. Ya sake ta, ya ba ta alewa ta fita.

Na tsaya a bakin ƙofa, na ce masa, "To Malam, ai sai ka huta."

Ya ce in sauko masa da jan gwangwanin, shi ƙafarsa ba za ta hau kujera ba. Na sauko da shi, na kaɗe ƙurar. Ya jefa ɗan haƙorin a ciki, muka ji ƙararsa. Ya riƙe gwangwanin a cinya, ya jingina kansa da bango ya lumshe ido.

"Saura goma sha tara," ya ce.